Koala beyar ce ko 'yar'uwar kangaru? Kuma yaya take cin ganyen turare ba ta mutu ba?

Malam_Bashir: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya a kan rabe-raben dabbobi. A littattafan yara da hotunan da ke yawo a intanet ana yawan kiran koala, wata dabbar Ostireliya mai zama a kan bishiya, beyar, har a jera ta da panda. Wasu kuma sun ce 'yar'uwar kangaru ce. Idan ɗalibi ya ce shi suna bai dame shi ba, a nuna masa hujja a jikin dabbar, me za a nuna masa? Sannan ana cewa ganyen da take ci guba ne ga yawancin dabbobi. To ita ta yaya take tsira? Masana a taimaka.

Dakta_Zainab: Wa alaikumus salam, Malam Bashir. Koala ba beyar ba ce, ko kusa ko alama. Beyar tana rukunin Carnivora ne, wato dangin masu cin nama, tare da kare da kyanwa da kura, kuma a lissafin zuriya ta fi kusa da ɗan Adam a kan koala. Wuri uku za ka nuna wa ɗalibinka.

Na farko haihuwa. Cikin koala kwana 33 zuwa 35 ne kacal. Abin da take haifa tsawonsa kamar santimita 2, nauyinsa bai kai giram 1 ba, babu gashi, ido a rufe, kunne bai fito ba. Da hannuwansa yake jan jiki har ya shiga jakar fata da ke gaban cikin uwar, ya kama ɗaya daga nonuwa biyu da ke ciki. Kan nonon sai ya kumbura a bakinsa ya riƙe shi. A nan zai ƙarasa halitta, kusan wata shida kafin ya fara leƙowa.

Na biyu haƙora. Buɗe muƙamuƙin ƙasa: haƙoran gaba biyu ne kawai, manya, sun miƙe gaba. Babu fiƙa a ƙasa sam. A kowane gefe na sama akwai na gaba 3, ƙaramar fiƙa 1, na kusa da turame 1, turame 4. A ƙasa kuma 1, babu, 1, 4. Jimla 30. Yawancin beyar 42 gare su, da fiƙoƙi manya sama da ƙasa.

Na uku ƙafar baya. Yatsa na biyu da na uku a haɗe suke cikin fata ɗaya, farata biyu ne kawai suka fito, da su take taje gashi tana cire kaska. Kangaru da wombat, wata dabbar Ostireliya mai haƙa rami, duk haka ƙafarsu take. Babu beyar mai wannan.

Abu_Yasir: Dakta, ai panda ma ɗan mitsitsi take haifa, tsirara ba gashi. Wannan hujjar ta farko tana da ƙarfi kuwa?

Dakta_Zainab: Tana da shi. Jaririn panda yana kai giram 100, na koala bai kai 1 ba, tazarar ta fi ninki ɗari. Kuma panda ba ta da jaka, rungumarsa take yi. Ƙanƙantar jariri ita kaɗai ba ita ce ma'auni ba. Ma'aunin shi ne inda akasarin ginin jiki ke faruwa: a mahaifa ta hanyar mabiyiya, ko a waje ta hanyar nono.

Nafisa_Zoology: Malam Bashir, ga jerin yadda za ka rubuta a allo. Aji: Mammalia, masu shayarwa. Reshe: Marsupialia, masu goyo a jaka. Rukuni: Diprotodontia, waɗanda Dakta ta bayyana da haƙora biyu a ƙasa. Ƙaramin rukuni: Vombatiformes. Dangi: Phascolarctidae. Sunan kimiyya: Phascolarctos cinereus. Henri de Blainville ne ya raɗa sunan jinsin a 1816, Georg Goldfuss ya bayyana nau'in a 1817. Ruɗanin ya samo asali tun daga can, don sunan da Blainville ya zaɓa a Girkanci ya ƙunshi jaka da beyar, Turawan da suka zauna Ostireliya ma beyar suka riƙa ce mata.

Maganar 'yar'uwar kangaru kuma gaskiya ce amma da tazara. Rukuninsu ɗaya, sai dai kangaru tana wani ƙaramin rukuni daban. Wadda ta fi kusa da koala a cikin masu rai ita ce wombat, dabbar da ke haƙa rami a ƙasa. Masana sun ƙiyasta zuriyarsu ta rabu shekara miliyan 30 zuwa 40 da suka wuce. Dukkansu wutsiyarsu ɗan guntu ne da ba a gani, dukkansu suna da wani curin gland a bangon tumbi da sauran 'yan rukunin ba su da irinsa, kuma jakar dukkansu ba sama take kallo ba kamar ta kangaru, baya take kallo.

Issoufou_Maradi: Malama Nafisa, gyara kaɗan a kan jakar. Ta wombat ce ke kallon baya sosai, don kada ƙasa ta cika ta lokacin haƙa. Ta koala bakinta yana can ƙasan jakar ne, yana kallon waje da ƙasa. Idan ɗan ya girma ya zuro kai, nauyinsa yana jan bakin ƙasa, shi ya sa ake ganin kamar baya take kallo. Abin da ke hana shi faɗowa daga saman bishiya wata tsoka ce da ta zagaye bakin jakar, uwar tana tsuke ta.

Nafisa_Zoology: Na gode Malam Issoufou, bayaninka ya fi cika. Abin da ya haɗa su dai shi ne ba sama bakin yake ba, kuma ga dabbar da ke kwana a kan reshe wannan abin lura ne.

DanGaya: To mu a Afirka muna da masu jaka? Na san gafiya tana da jaka.

Issoufou_Maradi: Jakar gafiya a kumatu take, ta ɗibar hatsi ce, ba ta goyo ba. Gafiya dangin ɓera ce, mai mabiyiya. Babu mai goyo a jaka ko ɗaya a Afirka a yau. Nau'insu ya haura 300, akasari a Ostireliya da Niyu Gini da tsibiran kusa, saura a nahiyar Amurka. Kuma tunda maganar kamanni ake, ga misali a duwatsunmu: rema kowa zai ce dangin ɓera ko zomo ce, alhali makusantanta su ne giwa da ayu. Kunne mai faɗi da gashi mai laushi ba su sa koala ta zama beyar.

Ummu_Khalil: Dakta Zainab, wani littafi ya ce masu jaka ba su da mabiyiya kwata-kwata. Haka ne?

Dakta_Zainab: Ba daidai ba ne, Hajiya. Suna da ita, sai dai mai sauƙin gini ce kuma aikinta na ɗan lokaci ne a ƙarshen cikin. Kada a koya wa yara cewa babu. Macen tana da mahaifa biyu da hanyoyi biyu na gefe, sannan hanya ta uku a tsakiya da ake haihuwa ta cikinta. Kuma koala ba ta sakin ƙwai sai an yi barbara, irin yadda zomo da kyanwa da raƙumi ke yi. Yawanci ɗa ɗaya take haifa, tagwaye ba kasafai ba, kuma da yawa sukan tsallake shekara.

Garba_Gandun_Daji: Bari in taɓa tambaya ta biyu, don itacen nan ba baƙonmu ba ne. Abincinta ganyen Eucalyptus ne, wato turare, wasu na cewa zaiti. Wanda aka fi dasawa a Arewa a shingayen kare iska da gefen hanya shi ne Eucalyptus camaldulensis, daga Ostireliya aka kawo shi, kuma yana cikin waɗanda koala ta fi so. Nau'in turare ya wuce 600 a can, amma waɗanda take dogaro da su ba su wuce 30 ba, a yanki ɗaya ma sau da yawa biyu ne ko uku. A arewacin Ostireliya akwai Eucalyptus tereticornis da E. microcorys, a kudu E. viminalis da E. ovata.

Matsalar ganyen uku ce. Furotin ɗinsa kaɗan ne. Zarensa mai tauri ne. Sannan ga sinadarai na kare kai. Akwai man nan mai ƙamshi da ake ji idan an murza ganyen, babban sinadarinsa cineole. Akwai tanin, irin wanda ke cikin bagaruwa da majema ke jima da ita: yadda yake kama furotin na fata ya ƙanƙame shi, haka yake kama ɗan furotin da ke cikin ganyen a hanji ya hana jiki amfana. Akwai kuma wasu da ake taƙaita sunansu da FPC, masu tayar da zuciya, su ne suka fi sa koala ta ƙi wata bishiya ta koma ta kusa da ita ko da nau'insu ɗaya. Shi ya sa take kai hanci ta shinshina ganye kafin ta tsinka.

Dakta_Zainab: Malam Garba ya shimfiɗa matsalar, ga yadda jiki ke amsa ta. Gubar hanta ce ke karɓa. A 2018 tawagar da Rebecca Johnson ta Gidan Tarihi na Ostireliya ta jagoranta ta fitar da cikakken tsarin ƙwayoyin gadon koala. Sun tarar da kwafi 31 na rukunin da ake kira CYP2C, masu haɗa sinadaran da hanta ke wargaza guba da su. Ɗan Adam 4 gare shi. Hantar tana sauya man turaren ya zama mai narkewa a ruwa, ƙoda ta fitar da shi a fitsari.

Zaren kuma hanji ne. Inda ƙaramin hanji ya haɗu da babba akwai wani reshe mai rufaffen ƙarshe, wanda likitoci ke kira sikam. Na koala tsawonsa ya kai santimita 200, faɗinsa kamar 10, a jikin dabbar da tsawonta duka santimita 60 zuwa 85 ne. A nan bakteriya ke ruɓar da abincin. Hanjin yana tace shi: manyan ɓarɓashi su wuce su fita, ƙanana da ruwa-ruwan a tsare su, har awa 100 a daji. Daga cikin bakteriyar akwai Lonepinella koalarum, mai kwance tanin daga jikin furotin.

Alhassan_Kumasi: Ke nan kamar saniya take, tana tuƙa?

Nafisa_Zoology: A'a. Saniya tana ruɓar da ciyawa ne a tumbi kafin ta isa hanji. Koala a bayan ƙaramin hanji take yi, tsarin doki da jaki da zomo. An ga takan dawo da abinci baki ta sake taunawa wani lokaci, amma tumbinta ɗaki ɗaya ne.

Kuma ina so in rage wa sikam ɗin nan daraja kaɗan, don littattafai suna kambama shi. Duk girmansa, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da take samu ne ke fitowa daga can. Sauran daga ruwan cikin ƙwayoyin ganyen yake, wanda ba ya fitowa sai haƙori ya fasa su. Saboda haka rayuwar koala a turamenta take. Suna da ƙusoshi masu kaifi masu lanƙwasa, suna yanka ganye ƙanana-ƙanana. Tana shekara shida ko makamancin haka kaifin ya fara cinyewa. Da farko sai ta ƙara yawan ganye da tsawon lokacin tauna don ta cike giɓi. Idan turamen suka shafe sarai, ɓarɓashin ya yi girma, hanji ya kasa tsare shi, sai ta rame ta mutu da yunwa ciki cike da ganye. Da wannan cinyewar ake gane shekarunta: a ɗaga leɓe a duba haƙorin sama da ke gaban turame. Mace kan kai shekara 13 zuwa 18, namiji yawanci bai kai haka ba.

Abu_Yasir: Ni dai abin da ake ta yaɗawa shi ne ganyen yana bugar da ita, shi ya sa kullum tana barci.

Garba_Gandun_Daji: Ba maye ba ne, lissafi ne. Tana cin kamar giram 400 na ganye a rana, abinci mara ƙarfi, kuma hanta tana cinye wani kaso na ɗan ƙarfin wajen wanke guba. Abin da ya rage ba shi da yawa. Don haka jikinta yana ƙona abinci a hankali, kusan rabin yadda na dabba mai mabiyiya mai girmanta ke yi, kuma tana hutawa awa 18 zuwa 20. Cin ma akasari da dare ne. Amma a razana ta a ƙasa a gani, tana sukuwa ta haye bishiya nan da nan, kuma faratanta suna tsaga fata.

Ummu_Khalil: Abin da ban gane ba, jaririn da nono kawai ya sani, daga ina yake samo bakteriyar?

Dakta_Zainab: Tambaya mai kyau, Hajiya, kuma nan ne ikon Allah ya fi bayyana a dabbar nan. Ba a haifarsa da su. Yana kamar sati 22 zuwa 30, sai ya zuro kai daga jaka ya riƙa goga baki a duburar uwar. Da farko kashin da aka saba ne ke fita, busassun ƙwayoyi, ba ya cin su. Bayan sun ƙare sai wani abu mai laushi mai ruwa-ruwa ya biyo, wanda daga sikam ɗinta yake, cike da bakteriya masu rai, da furotin. Shi yake lasa, na tsawon wasu makonni, yana haɗawa da nono. Daga nan girmansa yake tashi, ya fara fita yana hawa bayanta yana tsinkar ganye, a yaye shi yana wajen wata 12. Nan amfanin bakin jakar da Malam Issoufou ya bayyana yake: da sama yake kallo da ɗan bai kai wurin ba.

Masu renon marayun koala sun san in ɗan bai samu wannan ba, ba zai iya ganye ba. Sai a samo daga wata uwa mai lafiya a ba shi.

DanGaya: Tunda muna da turare a Arewa, za a iya kiwonta a gidan zu a nan?

Garba_Gandun_Daji: Samun bishiyar ba shi ne samun abincin ba. Gidajen zu da ke riƙe da ita suna da gonar turare tasu ta musamman mai nau'i da yawa. Kullum ake yanko rassa sabbi, a tsoma gindinsu a bututun ruwa, a riƙa fesa wa ganyen ruwa don kada ya yi yaushi, a ba ta nau'i biyu ko uku a lokaci guda. Ana ajiye mata ninkin abin da za ta ci, don toho da ganyen kan reshe take zaɓa ta bar saura. Ana auna nauyinta a kai a kai, ana ƙirga kashinta, don raguwarsa ita ce alamar farko ta matsala. Turarenmu kusan nau'i ɗaya ne, kuma da rani ganyensa ya bushe ya yi tauri. Ga zafin watan Afrilu. Ban da haka Ostireliya ta tsaurara dokar fitar da ita, a can ma ba a yarda mutum ya ajiye ta a gida ba.

Issoufou_Maradi: Zafi kam yana kashe ta ko a ƙasarta. Ba ta da rami, ba ta shiga kogon itace. Idan ta yi haki don ta huce, ruwan jikinta ke tafiya. A 2014 Natalie Briscoe da abokan aikinta sun ɗauki hoto da kyamarar auna zafi, suka ga a ranakun zafi koala na saukowa ƙasa-ƙasa ta manna ciki da ƙirji a jikin kututture mai kauri, inda gashinta ya fi siranta. Kututturen ya fi iska sanyi da digiri da dama. Har tana barin turaren ta koma kan Acacia mearnsii, wadda ba abincinta ba ce, don jikinta ya fi sanyi. Ke nan wanda zai dasa mata daji, bishiyar inuwa ma dole ce.

Alhassan_Kumasi: Kuma an ce ba ta shan ruwa ko kaɗan.

Dakta_Zainab: Akasarin ruwanta daga ganye yake, amma tana sha. Binciken Valentina Mella ta Jami'ar Sydney a 2020 ya nuna tana lasar ruwan da ke gangarowa a jikin bishiya lokacin ruwan sama. Ga gargaɗi kuma, saboda hotunan gobarar dajin Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 da aka ga mutane suna ɗura mata ruwa daga gora. Kuskure ne mai kisa. Idan ta ɗaga kai ana zuba mata, ruwan yana bi ta maƙogwaro ya shiga huhu ya zama ciwon huhu. A zuba a kwano mai faɗi a ajiye a ƙasa, ta sunkuya ta lasa da kanta.

Abu_Yasir: Mu koma kan dangi. An ce tana da zanen yatsa irin namu. Wannan bai kusantar da ita ga birai ba?

Nafisa_Zoology: Zanen gaskiya ne, Maciej Henneberg na Jami'ar Adelaide ya bayyana shi a shekarun 1990, kuma yana kama da na mutum ƙwarai. Amma wombat da kangaru ba su da shi, ke nan a zuriyar koala kaɗai ya fito, saboda aikin kama reshe da zaɓar ganye. Aiki iri ɗaya kan haifar da siffa iri ɗaya a dabbobin da ba su haɗa jini ba. Duba hannun gaba ɗaya ka ga bambanci: yatsu biyar ne, amma biyu suna fuskantar uku, kamar babban yatsa biyu gare ta. A ƙafa babban yatsan ba shi da farce. Ƙwaƙwalwa kuma ta raba gardama. Nauyinta kamar giram 19, sumul take ba lanƙwasa, ba ta ma cika ƙoƙon kai ba, kashi 60 cikin 100 ko sama kaɗan take ci, saura ruwa ne.

Malam_Bashir: Madalla, Allah ya ƙara basira. Yaya ake bambanta namiji da mace daga nesa?

Issoufou_Maradi: Duba ƙirji. Balagaggen namiji yana da wani tabo mai ruwan ƙasa, mai maiƙo, a tsakiyar farin gashin ƙirjinsa. Gland ne na wari, yana goga shi a gindin bishiya. Ya fi mace girma da kusan rabi, hancinsa ya fi faɗi da lanƙwasa. Sai kuka. Lokacin barbara yana wani gurnani mai kauri da ya yi wa girmansa yawa, kaurin da ya dace da dabba mai girman giwa. Benjamin Charlton ya gano dalili a 2013: ban da igiyoyin murya na maƙogwaro, yana da wasu manya guda biyu a can bayan ganɗa, su ke kaɗawa idan yana jan numfashi ciki.

Dakta_Zainab: Hantar nan da muka yaba tana da ranar da take zama matsala. Babbar cutar koala ita ce Chlamydia pecorum. Tana kumbura ido har makanta, tana kama mafitsara ta yadda gashin gindi zai jiƙe ya yi ruwan ƙasa, tana sa ƙulli a kusa da ƙwan mace ta daina haihuwa. Ta barbara ake ɗauka, ɗa kuma daga uwa. Wajen magani sai ka tarar hanta tana ɗaukar magani kamar gubar ganye. Meloxicam, maganin ciwo da kan yi kusan awa 24 kafin rabinsa ya bar jinin kare, a koala awa ɗaya da 'yan mintuna ne. Idan kuma aka ƙara ƙarfin maganin kashe bakteriya, sai ya kashe na sikam, dabbar ta warke daga cutar ta mutu da rama. Shi ya sa aka fi amfani da allurar chloramphenicol ko doxycycline, ana duba nauyi da kashi kullum. A 2025 hukumomin Ostireliya sun amince da allurar rigakafin da Peter Timms da tawagarsa suka haɗa a Jami'ar Sunshine Coast. Akwai kuma bairos na KoRV da ya shige cikin ƙwayoyin gadonta ana gadonsa, kusan duk koalan arewacin Ostireliya suna da shi, ana danganta shi da sankarar jini.

Malam_Bashir: Saura abu ɗaya a kan rabe-raben. Wani littafi ya ce iri uku ce, wani ya ce ɗaya. Wanne zan koyar?

Nafisa_Zoology: Nau'i ɗaya ne, babu saɓani a nan. Saɓanin a kan ƙananan rassa ne. Tsohon tsari uku ne, bisa jihohin Ostireliya: adustus na Queensland da Oldfield Thomas ya raɗa a 1923, cinereus na New South Wales, da victor na Victoria da Ellis Troughton ya raɗa a 1935. Bambancin ido yana nan: namijin Queensland kamar kilo 6 da rabi, gajeren gashi mai ruwan toka, na Victoria kamar kilo 12, gashi mai kauri mai duhu. Amma sauyin a hankali yake tafiya daga arewa mai zafi zuwa kudu mai sanyi, babu inda ya yanke. Iyakokin ukun ma iyakokin jiha ne da mutane suka shata. Binciken ƙwayoyin gado tun 1999 bai goyi bayan rabon ba. Ni ɗaya zan koyar, in ambaci ukun a matsayin tsohon ra'ayi.

A ƙara da cewa ita kaɗai ta rage a danginta. An tono ƙasusuwan 'yan'uwanta irin su Nimiokoala da Litokoala a Riversleigh da ke Queensland, ƙanana ne masu zaman kurmi, kafin nahiyar ta bushe turare ya mamaye.

Garba_Gandun_Daji: Malama, a takarda na yarda. A aikin kiyayewa kuwa cewa ɗaya ce yana ɓatar da mutane. A Fabrairun 2022 gwamnatin Ostireliya ta sa na Queensland da New South Wales da yankin babban birni cikin masu fuskantar ƙarewa, ba ta sa na Victoria da Ostireliya ta Kudu ba, inda a wasu wurare yawansu ne ke kashe bishiyoyi. Kuma yawan na kudu ba lafiya ba ne. Cinikin fata ya kusa share su, a Queensland kaɗai an kashe kusan 600,000 a watan Agustan 1927. Na kudu da yawa jikokin 'yan ƙalilan ne da aka kai tsibirin French, daga can aka ɗebi 18 zuwa tsibirin Kangaroo a shekarun 1920. Jininsu ya ƙuntata, ana samun maza masu nakasar maraina. Ɗebo su a zuba a arewa ba gyara ba ne.

Nafisa_Zoology: Wannan hujja ce ta a kula da kowane yanki daban, Malam Garba, ba ta a ba su suna daban ba. Suna uku ma zai iya hana a haɗa jinin da ya kamata a haɗa.

Dakta_Zainab: Ku duka kun bar hanji a baya. A Cape Otway da ke jihar Victoria a 2013 koala sun cinye E. viminalis har suka riƙa mutuwa da yunwa, alhali ga E. obliqua a kusa, wadda wasu koala ke rayuwa a kanta. Michaela Blyton ta ɗebi bakteriya daga kashin masu cin obliqua, ta zuba a kafso mai jure ruwan tumbi, ta ba masu cin viminalis. Waɗanda bakteriyar hanjinsu ta sauya sun ƙara cin obliqua. Don haka kafin a ɗauki koala daga wani daji zuwa wani, ko sunansu ɗaya ko uku, sai an duba bishiyar da ke can da abin da ke cikin hanjinta.

Issoufou_Maradi: Dakta, kafson nan sau ɗaya ya wadatar, ko bakteriyar tana komawa yadda take idan aka daina? In tana komawa, dasa bishiyar da suka saba da ita zai fi sauƙi a kan ɗura wa kowace ɗaya magani.